Sawu a Jikin Ƙarfe

Ni na fara ganinsa. Ranar Litinin da safe Asen, mai kula da ginin, ya buɗe mana ƙofar ma'aikata ya gangara ɗakin tukunyar ɗumi, ni kuwa na haye sama da banitsa, gurasarmu mai cuku, da zafinta a hannu. Tun daga matakala na ji babban mayen ƙarfe yana gurnani. Ba a taɓa barinsa ya kwana a kunne ba.

Injiniya Drenchev, shugabanmu, yana kwance a bakin ƙofar ɗakin mayen, rabin jikinsa a ciki, rabi a waje. Jini ya bushe a furfurarsa. Na durƙusa na kira sunansa, na kai kunne bakinsa. Yana numfashi, amma kamar na ɗan tsako. Ban san lokacin da na fara ihu ba.

Sai da motar asibiti ta tafi da shi sannan Dakta Ralitsa, mai zana mana fasalin kaya, ta buɗe kabad ta juyo ta dube ni.

"Nevena, akwatin ƙuma babu."

Ƙuma ita ce sana'armu. A takarda sunansu na'urorin Hall, amma tun da Injiniya ya ƙera ta farko muke ce musu ƙuma, domin wurin da ke ji a jikinsu bai kai kaurin silin gashi ba. Aikin ƙuma ta ji ƙarfin maganaɗisu komai ƙanƙantarsa, ta nuna shi a allo. Ni ke ɗaura musu zaren zinariya a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Waɗanda ke cikin akwatin nan aikin shekara ne cur. Wasu likitoci a ƙasar waje ke jiransu, suna so su gwada gano cuta a ɗigon jini ɗaya. In sun karɓa, ma'aikata ta rayu. In ba su karɓa ba, mu ma mu bi sauran mutanen garinmu Belovrah zuwa tsinkar lemo a Sifen.

Muna tsaye sai ga Asen ya hayo yana haki.

"Wa ya ɗauke mini takalman roba? Nan na bar su ranar Juma'a."

Ƙofar baya a buɗe take. A cikin taɓon da ruwan Lahadi ya bari, sawun takalman nan ne ya miƙe zuwa rafi, raɗau, ko makaho zai shafa ya gane.

*

Kafin tsakar rana an gama shari'a a shagon kofi na Gencho, wanda ke kallon ƙofarmu. Asen ɗan ƙabilar Roma ne, waɗanda garin ke rainawa, daga unguwar gangare, kuma yana da makulli. Me ya rage?

"Shekara nawa ina gaya wa Drenchev," in ji Gencho yana goge kofi. "Ka ba kura ajiyar nama."

"Ai shekararsa goma sha a nan ko cokali bai ɓata ba," na ce.

"Cokali yake jira? Babba yake jira, ga shi ya samu."

Sufeto Kerezov ya tafi da Asen caji ofis, ya ce don kare lafiyarsa ne. Wataƙila da gaskiyarsa, don samari sun fara taruwa a gindin mutum-mutumin dandali, wasu da babura, suna kallon hanyar gangare. Wani ya ce in tsohon ya cika, ba gidan da zai kwana da rufi a unguwar. Ba wanda ya tsawata masa.

Sufeton ba wawa ba ne, gajiya ce ta yi masa yawa. Shi da kansa ya hau tudu ya ɗauko dattijo Lazar, wanda muke kira Bai Lazar don girmamawa, daga wurin amyoyin zumarsa. Bai Lazar ya yi ƙuruciyarsa yana bin sawu a kan iyaka, zamanin da ake da waya mai ƙaya. Ba ya son a tuna masa. Yanzu in masu tsintar naman kaza sun ɓace a daji shi ake kira. Abokin marigayi babana ne, kuma da yake ni ba ni da makulli, Sufeto ya ce in zaga da shi ginin.

"'Yar Petko, kin rame," ya ce da ya gan ni. "Mijin naki ba ya turo komai daga Jamus sai hoto?"

"Bai Lazar, za su ƙone unguwar."

"To mu yi sauri, amma a hankali."

A ƙofar ɗakin mayen na tare shi da hannu ba tare da na yi tunani ba, duk da an riga an kashe injin.

"Ajiye wuƙarka da makullai a farantin nan."

"Saboda me?"

Na gaya masa dokar Injiniya. Duk ƙarfen da ya kusanci mayen yana aiki, sai ya ɗebo maita ya riƙe. Allura ɗaya mai maita ta isa ta ɓata awon yini guda. Shi ya sa agogo, bel, makulli, har tabarau na titi, duk a faranti ake barinsu, a sa na roba. Kuma kowace safiya ni ke bin kowa da tsohuwar ƙumar Injiniya da ke kan wani abu kamar alƙalami, daga kai har ƙafa.

"Ranar Juma'a ma?"

"Kowa tas."

Ya gyaɗa kai kawai, ya nufi ƙofar baya.

*

Ya tsuguna a bakin sawun. Ya karya tsinke ya auna zurfin diddige, ya auna na gaba. Ya tashi ya taka kusa da sawun, ya duba nasa.

"Sawun fita kaɗai na gani, babu na shiga," ya ce. "Kafin ruwa mutumin ya shigo, ruwa ya tare shi a ciki. Yaushe aka fara ruwan a nan ƙasa?"

"Bayan abincin rana," na ce.

"Takalmin na Asen ne. Ƙafar ba tasa ba ce."

Sufeto ya matso. "Ta yaya?"

"Dubi gaban, bai nutse ba, fanko ne. Diddige kuma yana jan ƙasa, kamar yaro ya sa na ubansa. Ƙaramar ƙafa ce take iyo a ciki."

"Mace?"

"Ban ce ba. Ni da kai ma Asen ya fi mu ƙafa. Mutumin nan jirgin ruwa yake sawa."

Muka bi sawun ta cikin lambun 'ya'yan itacen fulam da aka bari ya zama daji. A wajen tsohuwar madatsa ya kauce hanya zuwa bakin ruwa, ya dawo. Rafin ya cika yana tafasa, duk laka, ba a ganin komai. Taku kaɗan daga nan sawun ya hau kwalta, inda mutane kan ajiye mota in gaban ma'aikata ya cika. Ya ƙare.

"Kwalta ba ta da amana," in ji Bai Lazar. "Sai ruwa ya janye mu dawo."

"Sakar min Asen, Sufeto," na ce. "Ka ji dai."

"In sake shi in ce wa waɗancan me? In ce wani tsoho ya auna taɓo da tsinke? Ku kawo mini mutum."

*

A gangare ba yaro ko ɗaya a waje. Zlatka, matar Asen, ta buɗe mana ƙofa da ƙyar, ta tsaya a ciki. A bayanta na hango jakunkuna a ɗaure.

"Yana ina ranar Lahadi, 'yar'uwa?" in ji Bai Lazar.

"Bikin 'yar Sasho. Shi ya busa sarewa tun hantsi har ƙafafun mutane suka kumbura. Unguwa duka ta gan shi."

"Kin gaya wa 'yan sanda?"

Ta yi wata dariya marar daɗi. "Na gaya musu. Suka ce in kawo shaida. Na ce ga mutum ɗari. Suka ce a'a, shaida." Ta dube ni. "Ke, Nevena, kin ci gurasa da shi shekara da shekaru. Kin buɗe baki?"

"Na buɗe."

"To ba a ji ki ba. Ƙara buɗewa."

*

Masu makulli huɗu ne: Injiniya, Asen, Dakta Ralitsa, sai Velizar Gatev, wanda ke gasa ƙuma a tanda ya kuma yi musu awon ƙarshe. Muka fara da Ralitsa. Kowa ya san ranar Alhamis ta yi faɗa da Injiniya har ana jinsu a titi. Ƙafarta kuwa kamar ta 'yar makaranta.

"Ina gida ranar Lahadi," ta ce. Ba ta ba mu wurin zama ba.

"Motar ce ta fita shan iska ita kaɗai?" Bai Lazar ya nuna ta taga. Taɓo ya rufe tayoyin har ƙofa.

Ta kunna sigari. Na tuna yadda ta ce akwatin babu tun kafin kowa ya tuna da akwati.

"Faɗan me kuka yi?" in ji Bai Lazar.

"Ya ce sabon fasalina ya yi siriri da yawa, ba zai jure ba. Na ce ya tsufa. Na ce da shi abin da ba a gaya wa malami." Ta busa hayaƙi. "To, na fita. Na je wajen birnin Plovdiv na gana da wasu masu kamfani a gidan cin abinci na bakin hanya. Aiki suke so su ba ni. In garin nan ya ji, za a ce na sayar da ku tun kafin a binne shi."

Da muka fito Bai Lazar ya kankaro taɓon tayar da farce ya murza.

"Jar ƙasa ce, ta kwari. Ta bayan ma'aikata baƙa ce."

"Ke nan ba ita ba ce?"

"Ke nan motar ta je kwari. Ba ta gaya mini lokacin da ta dawo ba."

*

Gidan Velizar kamar gidanmu ne. Shi ne kum ɗina: shi ya tsaya mana ranar aure, shi ya riƙe ɗana a coci ranar da aka raɗa masa suna. Matarsa Donka na tsakar gida tana gasa tattasai na ajiyar hunturu, ƙamshi ya cika layin. Ta rungume ni tana hawaye.

Kum ya fito da kwalbar rakiya, barasar inabin da yake haɗawa da kansa, da ƙananan kofuna. Idanunsa sun yi ja a bayan tabarau.

"Daga asibiti nake," ya ce. "Ba su bar ni na shiga ba. Mutumin nan shi ya ɗauko ni daga makaranta, Bai Lazar. Ko riƙe hantsaki ban iya ba."

"Ranar Lahadi fa?" in ji Bai Lazar.

"Na je gonar inabi duba ganguna, ruwa ya tare ni a bukka. Donka ta sani."

"Ya dawo sharkaf kamar kaza," in ji Donka daga wajen wuta.

"Asen fa, me ka gani?"

Kum ya juya kofinsa. "Ba mugu ba ne. Ban taɓa cewa mugu ne ba. Amma ka san... wani ya zo ya yi masa romon baka, ya ce akwatin nan dukiya ce..." Ya ɗaga kafaɗa. Ya juya wuyan hannunsa na hagu ya duba, ya mayar. "Nevena, ki ci wani abu, kin yi zuru-zuru. Ki kawo yaron nan ya kwana, garin ba lafiya."

Bai Lazar ya yaba rakiyar, ya tambayi irin inabin, suka yi gardama kan ko a ƙara sukari. Ni dai na ƙagu mu tafi. Gani nake muna ɓata lokaci a gidan da ba abin nema.

*

Washegari aka wayi gari an farfasa tagogin gidaje uku a gangare. Daga asibiti aka ce jikin Injiniya ya ƙara tsanani. Gencho ya fito da kujeru waje, samarin dandali sun ninka.

Ruwa ya janye. Bai Lazar ya naɗe wando ya shiga ƙasan madatsa da sanda mai ƙugiya, Sufeto na tsaye yana duba wayarsa. Takalmi ɗaya ya fara fitowa, cike da duwatsu. Sai ɗayan; da alama daga kan kwalta aka cillo su. Sannan ƙugiyar ta kama hannun akwati.

"To fa," in ji Sufeto. "Ɓoyewa ya yi, ya dawo ya ɗauka."

"A nan? Dubi inda ya tsaya jiya." Bai Lazar ya nuna gaɓa. "Ƙafar dama a baya, ta hagu ta nutse a gaba. Wurgi ne, da iya ƙarfinsa, tsakiyar ruwa. Mai son kaya ba ya yi musu haka. Wannan ba sata ya zo yi ba. So yake kada a sake ganinsu."

Akwatin na da bakin roba, ko ɗigo bai shiga ba. Sufeto ya yanke tambarin da ya manna a ƙofar ma'aikata ya ce in gwada su. Na ɗauki ta farko na haɗa, na matso da ɗan mayen gwaji. Allo bai motsa ba. Ta biyu ma haka. Ta uku ta yi rawa ta mutu. Na ci gaba har yatsuna suka ƙage. A jere guda, ɗaya ko biyu ne ke ji.

"Kurame ne," na ce. "Tun asali kurame ne. Aikin shekara."

"Laifin wa?" in ji Sufeto.

"Ko fasalin ne ya yi siriri, ko a tanda aka lalata su."

"Wato ko ita, ko shi."

"Ba Kum ba," na ce da sauri.

Sufeto ya fita kiran waya. Bai Lazar ya zauna a kujerata yana jujjuya hularsa.

"'Yar Petko, zan tambaye ki abu, ke kika san amsar. Mutum ya shekara talatin da agogo a hannu har fatar wurin ta yi fari. Jiya babu agogon, amma yana ta duba wurin. Bel ɗinsa kuma sabo ne fil, ko lanƙwasa bai yi ba, ramin ma da ƙusa aka ƙara shi. Me zai sa mutum ya rabu da agogo da bel a rana ɗaya?"

Na dubi farantin da ke bakin ƙofa.

"Don ya shiga ɗakin mayen da su," na ce a hankali. "Bai tsaya cirewa ba."

"Ni ma haka na zata. Amma zato ba mutum ba ne, kuma ya riga ya zubar da su. Nawa sawun ya ƙare a kwalta. Ke fa, naki?"

Na rufe ido. Na ga fuskar Kum jiya, da abin da ke kanta, abin da mutum ke mantawa yana sanye da shi.

"Ka nemo wani ya yi masa awon," na ce.

"Wa? Ralitsa? A ce ta wanke kanta?"

Ta taga ana jin babura suna zagaya dandali.

*

Da la'asar Sufeto ya tara mu a ɗakin awo. Ya kawo Asen ta ƙofar baya, leɓensa a fashe, ba wanda ya ce ga yadda aka yi. Ralitsa ta zauna ta harɗe hannu. Kum ya shigo yana tambayar labarin asibiti, sai idonsa ya faɗa kan akwatin a tebur. Ya tsaya cak, sannan ya ce, "Allah mun gode, an same su!"

"An same su," in ji Bai Lazar. "Kurame ne. Injiniya ya zo ranar Lahadi ya gwada su da kansa kafin a aika. Wani ya tarar da shi a kan mayen yana aiki, ya shiga ya fizge akwatin. Nevena ta ce ranar Juma'a kowa tas yake, kuma tun Litinin ginin a rufe. Don haka awon safiya za a yi, kamar kullum."

"Wannan wasan yara ne," in ji Ralitsa, amma ta miƙe ta ware hannuwa.

Na ɗauki tsohuwar ƙumar. Na bi 'yan kunnenta, zip, maɓallan jaka, makullai. Allo shiru. Na bi Asen: bel, zoben azurfa, makullan tukunya. Shiru.

Kum ya matso da kansa yana murmushi.

"Zo, 'yata, yi aikinki."

Na bi sabon bel ɗin. Shiru. Makullansa na tagulla ne, shiru. Aljihu, takalmi, shiru. Ya fara juyawa zai koma kujera.

"Kum," na ce. "Tabarau."

Ban taɓa ganin fuskar mutum ta tsufa a gabana ba sai ranar. Ya ɗaga hannu kamar zai cire, ya fasa. Na kai bakin alƙalamin gefen idonsa, inda wata 'yar ƙusa da ba ta kai ƙwayar gero ba ke riƙe hannun tabarau. Ina jin numfashinsa a wuyan hannuna.

Lambar ta yi tsalle, injin ya yi ƙara.

Na koma ɗaya gefen. Ta sake yi.

"Ƙofar firji ma tana da maye," in ji Kum da wata siririyar murya.

"Ba ta kai rabin rabin wannan ba," in ji Ralitsa tana kallon allo. "Ka fi kowa sani, Velizar. Wannan sai wanda ya sunkuya a bakin babban."

Kum ya cire tabaran ya ajiye a tebur a hankali, ya zauna.

"Tandar ce," ya ce. "Tun bazara zafinta ke zarcewa. Na gani a makare, an riga an gasa rabi. Na ce zan gyara a zagaye na gaba, ba wanda zai sani. Na gaba ma ya lalace. Kullum ya tambaye ni, in ce lafiya lau. Ta yaya zan dube shi in ce na kashe mu duka?" Ya share fuska. "Ranar Lahadi na zo in kwashe su in ce an sace. Na tarar da shi. Bai yi faɗa ba. Cewa ya yi, 'Velizar, me ya sa ba ka gaya mini ba?' Na ja akwatin, ya riƙe. Na ja da ƙarfi. Ya faɗi da baya kan dokin ƙofa."

"Yana numfashi?" in ji Sufeto.

Sufeto ya matso kusa da shi.

"Yana numfashi ka tafi ka bar shi ya kwana a ƙasa?"

"Na ɗauka... na ce wani zai zo."

"Ranar Lahadi, da ba mai zuwa aiki," in ji Ralitsa.

Asen ya matso, ya tsaya a kan Kum.

"Bai Velizar, da ka sa takalmina, na yarda tsoro ne. Amma jiya fa? Yau fa? 'Ya'yana a ƙarƙashin gado suka kwana."

Sufeto ya ciro ankwa.

*

Sufeto bai bi ta baya ba. Ta ƙofar gaba ya fito da Kum, da ankwa, ya ratsa gaban shagon Gencho da gangan, Asen na tafe a gefensa hannu sake. Baburan suka mutu ɗaya bayan ɗaya. Gencho ya shige ciki yana neman abin gogewa. Ba wanda ya ba Asen haƙuri. Shi ma bai tsaya jira ba, ya gangara gida da sauri, ko zai tarar iyalinsa ba su hau mota ba.

Injiniya ya yi mako yana tsakanin rai da mutuwa, ya farfaɗo, amma hannunsa na dama bai sake riƙe hantsaki ba. Ralitsa ta fasa tafiya, ta roƙi likitocin nan su ƙara mana lokaci, suka ƙara rabin abin da ta nema. Har yau ba mu san ko za mu kai ba. Amma duk wannan daga baya ne.

A ranar, da motar 'yan sanda ta sha kwana, Bai Lazar ya sa hularsa ya dube ni.

"Wani zai gaya wa matar Velizar kafin dandali ya gaya mata. In je?"

"A'a. Ni zan je."

Ya raka ni har bakin layin ya tsaya. Na daɗe a ƙofar kafin na tura. Donka na shimfiɗa mayafin tebur a ƙarƙashin inabi, ta jera faranti huɗu, ɗana na zaune a kan matakala yana ɓare mata tafarnuwa. Ta ɗago da fara'a, tana goge hannu a jikin zanen girkinta.

"Yauwa, kun gama? Miyar ta kusa hucewa." Ta leƙa bayana. "Ya na gan ki ke kaɗai?"

Na ce wa ɗana ya shiga ciki ya rufe ƙofa. Sannan na ja kujera, na kama hannuwanta biyu, na ce, "Donka, zauna."